Ranar da Aka Tsayar da Surukina Modu a Gefen Titi

A zamanin da na fara fita, in mutum ya dawo daga tafiya labarinsa nasa ne. Sai ya huta, ya yi wanka, ya sha shayi, sannan ya buɗe baki, kuma abin da ya faɗa shi ne ya faru, tunda ba wanda ya bi shi ya gani. Na kai shanu kudu, na shiga Chadi da Kamaru har na gaji, na zauna a Sudan, na je Makka ta ƙasa na je ta sama, ban taɓa dawowa na tarar labarina ya riga ni isowa gida ba. Yanzu waya ta ɓata wannan. Kafin jirgina ya sauka Maiduguri, rabin unguwarmu Gomari sun ji wai an kama surukin Alhaji da giya a Amurka, sauran rabin kuma sun ji wai Alhajin ne da kansa aka tsamo daga cikin lambatu. Kullum na fito majalisa bayan la'asar sai abokina Ba Goni ya jawo tabarmarsa kusa da ni ya ce, "To Alhaji, wai ya aka yi ne?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

'Yata Falmata ce ke aure a can. Mijinta Modu ɗan wani abokin cinikina ne a Kasuwar Shanu, a gabana ya girma. Aikinsa tuƙa motar 'yan makaranta a wani ƙaramin gari. Su suka matsa in zo in ga jikoki, likita kuma ya duba mini gwiwar hagu da ta daɗe tana damuna.

Daga nan zuwa Abuja ba labari, ban da wani ɗan kasuwa da ya zauna kusa da ni ya yi ta koya mini yadda ake ɗaura bel, ni da na hau jirgi tun ba a haife shi ba. Na bar shi ya koya mini. A ƙasar Larabawan da muka sauka canjin jirgi na gwada Larabcina na Shuwa a kan wani ma'aikaci, ya saurare ni har na gama, ya yi murmushi ya ce kakarsa ce kawai ke magana haka, sannan ya nuna mini ƙofar da ba ita ba. Na sha tafiya a filin jirgin nan fiye da wadda na yi a wasu garuruwan.

A bakin shiga Amurka kuwa kare ne ya fara karɓata. A can kare ma'aikacin gwamnati ne, har da 'yar rigarsa. Ya zo ya shinshina jakata ya zauna kusa da ita yana kallona, kamar mun saba. Matata Hajiya ce ta shirya jakar, ta cusa kilishi da busasshen kifi da daddawa da kuka da kwalaben turaren humra. Wata ma'aikaciya ta buɗe, ta ɗauke kilishin ba ko sallama. Ta ɗaga ƙullin kuka ta ce mene ne wannan. Na ce ganye ne aka daka. Ashe ba a faɗin haka a can, sai ga wasu sun ƙaru a kaina. Da ƙyar na fahimtar da su miya ake yi da shi. Daddawa ce ta cece ni: tana kwance bakin ledar ta ja da baya, ta ɗaure da sauri, ta ce in kwashe kayana in tafi. Jandarman Chadi da ya ƙwace maka kilishi aƙalla a gabanka zai ci ya ce ya yi daɗi. Waɗannan a kwandon shara suka jefa.

Gidan su Falmata na katako ne, in an yi tari a sama sai a ji a ƙasa. Maƙwabcinsu wani tsohon Bature ne mai fara'a, kullum yana ɗaga mini hannu. Yana ba ciyawar ƙofar gidansa ruwa da taki, in ta yi kyau sai ya sa inji ya yanke ya zubar. Na tambaye shi ina dabbobin. Ya ce ba shi da ko ɗaya. Na daɗe ina kallon ciyawar nan ina tuna shanun da ke ramewa a wajen Konduga da rani. Abincin ƙasar kuwa, namansu ga kyan gani ba ɗanɗano, madara da sanyi ake shanta, burodi kamar auduga. Da ba don Falmata na yi mini burabusko ba da na dawo a tsaye kamar sanda.

Sai dai abin da ya fi ba ni mamaki a gidan Modu ne. Ya shekara da shekaru a Amurka, amma kunyar suruki da ya tafi da ita ko kaɗan ba ta ragu ba, kamar ma sanyin ƙasar ya adana ta. In zai gaishe ni sai ya cire takalmi ya durƙusa. Ba ya kallon fuskata, ba ya ɗaga murya in ina wurin, ba ya kama sunana. Abinci ma a cikin mota yake ci a gareji don kada in ji ƙarar cokalinsa. Ni kuwa, gaskiya, daɗi nake ji. Har waya na yi wa Ba Goni na ce masa tarbiyyar Barno ba ta narkewa a ƙanƙara.

Wata Lahadi aka gayyace mu suna a wani gari, gidan wasu 'yan Barno. An ci an sha, an yi addu'a, turaren wuta ya turnuƙe ɗakin har ba ka ganin na kusa da kai, ga tagogi a rufe saboda maƙwabta. Da muka tashi tafiya bayan azahar, uwargidan ta tare mu a bakin ƙofa kamar yadda ake yi a gida, ta zuba mana humra a hannu, ta bi mu da turaren feshi tun daga hula har gefen riga. Ba a cewa ya isa. Falmata ta tsaya taya mata aiki, ni da Modu muka kama hanya mu biyu, ni a gaba kusa da shi.

Titi ne shimfiɗaɗɗe, gonakin masara hagu da dama. Modu na tafiya a hankali ƙwarai don kada mota ta girgiza mini gwiwa, motoci na ta wuce mu suna hon. Ni kuma ina ba shi labarin ubansa. Duk sanda na yi magana sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na'am, Baba." In ya sunkuya mota ta ɗan karkata, in ya ɗago ya dawo da ita. Labarin kuwa mai tsawo ne. Muna cikin haka sai ga fitila ja da shuɗiya a bayanmu.

Modu ya gangara gefe ya tsaya, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Yana kallon gwiwarsa ya ce, "Baba, don Allah, a nan ba a fita."

Ɗan sandan yaro ne dogo, fuskarsa ja. Modu na sauke gilashi ƙamshi ya buge shi, ya ja da baya yana ƙifta ido. Turaren feshi da barasa ake haɗa shi, mu mun saba ba ma ji, shi kuwa abin da hancinsa ya fara kamawa ke nan. Ya leƙo ya ga idon Modu jawur saboda hayaƙin turare.

"Me ka sha yau?"

"Shayi," in ji Modu, can ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba. Ɗaga murya. Wane ne wannan tsohon?"

"Baba ne."

"Mahaifinka?"

"A'a."

"To ya sunansa?"

Modu ya sunkuyar da kai. Ɗan sanda ya sake tambaya, Modu ya ƙara sunkuyawa. Ga mutum yana tuƙi kamar hawainiya, yana karkata, yana warin barasa, ido ja, murya ba ta fita, bai ma san sunan wanda ya ɗauko ba. Ɗan sanda ya ce masa ya fito. Kafin ya buɗe ƙofa Modu ya ce mini da Kanuri, "Baba, in ya rubuta cewa na sha, gobe ba ni da aiki. Ba a ba mashayi 'ya'yan mutane."

A nan na ga gwajin da suke yi, kuma na gan shi da kyau, domin a daidai tagata aka yi. Da farko ɗan sandan ya tsaya ya ba ni baya, ya ɗaga biro ya ce Modu ya bi shi da ido ba tare da ya juya kai ba. Biro ya yi dama, idon Modu ya bi. Biro ya yo hagu, inda fuskata take a taga, idon Modu na haɗuwa da nawa ya faɗi ƙasa. Aka sake, ya sake faɗuwa. Ɗan sanda ya gyaɗa kai kamar wanda ya ga abin da yake nema.

Sai ya nuna masa farin layin gefen titi, ya ce ya bi shi, diddige na taɓa yatsa, hannu a jiki, in ya kai ƙarshe ya juyo. Modu ya fara lafiya lau duk da babbar riga mai sitaci. Amma layin ta gefen ƙofata ya bi. Yana zuwa daidai ni sai jikinsa ya yi abin da ya saba: ya rusuna, ya sauke hannun dama ƙasa, ya wuce a duƙe. Wajen dawowa kuma ya ga in ya ci gaba zai ba ni baya, sai ya ƙarasa da baya-baya, yana laluben layin da diddige.

"Wa ya ce ka yi haka?" in ji ɗan sanda.

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

Na ƙarshe, ya ce ya ɗaga ƙafa ɗaya gaba, ya tsaya a haka yana ƙirge da ƙarfi. Modu ya ɗaga, ya lura tafin ƙafar ni yake nunawa, ya sauke da sauri kamar ya taka garwashi. Ya gwada ɗayar, ita ma ni take kallo. Ya tsaya yana ɗaga wannan yana sauke waccan, kamar zakara a kan yashi mai zafi.

Ban san sanda na buɗe ƙofa ba. Ɗan sanda ya daka mini tsawa in koma. Ni kuma da na ga kaki, bakina ya tafi inda ya saba, na hau yi masa Faransanci irin wanda ke sanyaya jandarma a Kusiri ta Kamaru. Bai gane ba. Na koma Larabci, ya ƙara firgita. Modu kuwa ganin na fito ya zube ƙasa ya durƙusa a tsakiyar gwaji. Da na lalubo Turancina na kasuwa na ce, "Yaro, wannan abin ko mai hankali ba ya iyawa. Duba ka gani." Na tattare riga, na ɗaga ƙafar dama, na manta ta hagu ce mai ciwo. Ban kai ko'ina a ƙirgen ba na ji sama ta juya. Na gangara cikin lambatun gefen titi, da ɗan ruwa a ciki, hulata ta mirgina ta shige gonar masara.

Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba tun da na san Modu. Dariya. Ya toshe baki ta fito ta hanci, ya juya ya kife a kan bonet yana dukansa da hannu, hawaye na zuba, yana cewa, "Baba ka yafe mini, wayyo, Baba ka yafe mini." Ɗan sanda ya dube shi, ya dube ni a cikin ruwa, ya ciro ankwa, ya yi magana a rediyon kafaɗarsa.

Ina zaune a lambatun nan na gane abin da ke faruwa. Ba abin da ke damun yaron nan sai ni.

Ba a jima ba wata motar ta iso, da 'yar sanda baƙar fata, babba, mai furfura kaɗan a gefen kai. Ita ta miƙo mini hannu ta jawo ni. Ta shinshina iska ta ce, "Kai ma ka sha, kaka?" Na ce tun da aka haife ni ban taɓa ba. Ta ce kowa haka yake cewa. Ta fito da wata 'yar na'ura mai bututu, wadda ake hurawa ta nuna ko akwai giya a numfashi, ta sa wa Modu a baki ta ce ya hura da ƙarfi. Modu ya saci kallona, ya hura a hankali kamar mai fifita wa jariri kunu. Ina za a ga mutum ya kumbura kumatu a gaban surukinsa? Na'ura ta yi ƙara, iska bai isa ba. Aka sake, haka. Matar ta daina murmushi.

"Saurara," ta ce masa. "In ka sake yi mini haka zan rubuta ka ƙi hurawa. A dokarmu wanda ya ƙi, lasisinsa ya tafi, ko ya sha ko bai sha ba."

Na matsa kusa, ruwa na ɗiga daga rigata, na ce masa da Kanuri, "Modu, dube ni." Bai duba ba. Na ce, "Na ce ka dube ni." Ya ɗago da ƙyar. Na ce, "Yau ba ni da suruki, direba nake da shi. Ka ga yadda mahauta ke hura akuya kafin su feɗe? Haka za ka hura abin nan. In ka bari aikinka ya tafi saboda ni, ban yafe ba."

Na juya na fuskanci masara, na ɗebo babbar rigata na lulluɓe kaina da ita. 'Yar sandan ta tambayi Modu me nake a wurinsa. Ya ce uban matarsa. Na ji ta ce, "Ahaf," ta ja shi da nisa. Sai na ji huri mai tsawo a bayana, kamar ana zuga wutar maƙera.

Na'ura ta nuna babu komai. Ko ɗigo.

Yaron ɗan sandan bai yarda ba, ya karɓi na'urar ya jujjuya ta, ya ce to ni ma in hura. Na hura, babu. Ya tsaya yana sosa ƙeya ya ce, "Amma ba gwajin da ya ci." Ban ji haushinsa ba. Ya ce mini a titin nan ya sha kwasar gawarwakin da mashaya suka jawo, ciki har da yara, kuma na ga a fuskarsa ba ƙarya yake ba. Na so in ba shi labarin wani direban tirela da na sani a hanyar Garwa, wanda zai sha har ya kasa gane garin da yake, amma ya hau gefen bodi ya taka shi daga gaba har baya ko girgiza babu, sai Turancina ya ƙare a tsakiyar labarin. 'Yar sandan ta shiga masara ta ɗauko mini hulata, ta tambayi sunan turaren, ta ce wa Modu ya riƙa tafiya daidai da sauran motoci, ni kuma in koma kujerar baya.

Na ga gwaji iri-iri a hanya. Akwai inda jami'i zai ce ka hura masa a fuska, in ka ci albasa ma ka shiga uku. Akwai inda ake kallon ido kawai, wanda duk direban da ya kwana biyu a hanya zai faɗi. Na Amurka ya fi su tsari, an yi shi da niyya mai kyau, amma abin da na gani yana aunawa shi ne gwiwa, da tsoro, da irin gidan da aka rene ka. In ba don na'urar nan ba, da yau Modu na zaune a gida da sunan da ba nasa ba.

Da na ba da labarin a majalisa Ba Goni ya ce ƙarya ne, tsayuwa da ƙafa ɗaya ai ko kaza na yi. Na ce bismilla. Ya tashi ya ɗaga ƙafa, ya faɗa kan mai shayi. Malam Adam ya gwada, ya rungumi bishiyar darbejiya. Na'ibin limaminmu ya ce shi ba zai yi ba don yana da alwala, da aka matsa masa ya yi, sai da aka tare shi. Mutum ɗaya ne ya tsaya cak kamar zalɓe yana ƙirge har muka ce ya isa, kuma ba zan faɗi sunansa ba, amma duk unguwa ta san inda yake yini ranar Asabar.

Modu na nan a bakin aikinsa. Ranar da zai kai ni filin jirgi na zauna a baya, ya ɗauki hanya da gudu daidai na kowa. Na fara ba shi wani labari, sai ya dube ni ta madubi, ido cikin ido, ya ce, "Baba, bari sai mun tsaya, ina tuƙi." Na ajiye labarin har muka isa. Yanzu shi da kansa yake kirana a waya, ba sai ta hannun Falmata ba, har gardama yake mini a kan farashin shanu. Har yau Baba yake ce mini, amma ya daina durƙusa mini, ni kuma ban nemi ya koma ba.